Firojet da ranar difens: me malaman jami'a ke nema a aikin ɗalibi?

Duk uban da ke da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na jami'a ya san wannan kiran: "Baba, ana neman kuɗin firojet." Daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Obalende zuwa Alaba Rago, iyaye na ciro kuɗin su bayar ba tare da sun san abin da ake yi da su ba. Firojet shi ne aikin binciken da ɗalibi ke rubutawa a shekararsa ta ƙarshe, amma wasu sun ɗauka haraji ne makaranta ta ɗora kafin ta saki yaro. Abin damuwar shi ne ɗalibai da yawa ma haka suka ɗauke shi: littafi mai kaurin bango da rubutun ruwan zinare, shafi sittin ko tamanin, a miƙa, a sa hannu, a tafi bautar ƙasa. Wannan fahimtar ce ke sa yaro mai ƙoƙari ya tsaya gaban malamai ranar difens, wato ranar da zai kare aikinsa da baki, a jefo masa tambaya ɗaya, bakinsa ya mutu.

Ko a Jami'ar Legas da ke Akoka kake, wadda aka kafa a 1962, ko Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, ko Kwalejin Fasaha ta Yaba da ta samo asali tun 1947, ko sababbin jami'o'in jiha biyu na Ikorodu da Ijanikin da aka ɗaga darajarsu a 2022, kowane sashe yana da 'yar takardarsa ta ƙa'idojin rubuta firojet. Hukumar NUC ce ke sa ido kan jami'o'i, NBTE kan kwalejojin fasaha, NCCE kan kwalejojin ilimi. Ƙa'idojin sukan bambanta a ƙananan abubuwa, amma abin da ake gwadawa guda ne. Bayan shekara huɗu ko biyar ana zuba maka karatu, za ka iya ɗauko tambaya da kanka, ka nemo amsarta ta hanyar da wani zai iya bin sawunka, sannan ka tsaya ka kare abin da ka samo? A sauran kwasa-kwasai malami ke tambaya kai ka amsa. A nan tambayar ma taka ce.

Kuma nauyinsa ba kaɗan ba ne. A yawancin jami'o'inmu ana auna sakamako a kan maki 5: daga 70 zuwa sama A ce mai maki 5, daga 50 zuwa 59 C ce mai maki 3. Kos na yau da kullum yunit 2 ne ko 3, firojet kuwa yakan ɗauki 4 zuwa 6. A ce ɗalibi ya tara yunit 150 a duk zamansa, firojet ɗinsa mai yunit 6 ne. Tsakanin A da C akwai tazarar maki 2 a kowane yunit, maki 12 ke nan, wato 0.08 a kan jimillar sakamakonsa. Ga wanda ke kan 3.45, wannan 'yar tazarar ce za ta tsallakar da shi 3.50, iyakar da ke raba mataki na biyu na sama da na ƙasa, kuma kamfanoni da yawa a Ikko da wannan iyakar suke tace masu neman aiki.

Daga take ake fara faɗuwa

Sufabaiza, wato malamin da aka ba shi duba aikinka, yakan ce a kawo masa take uku ya zaɓi ɗaya. A nan ne da yawa ke kwasar kaya daga shafukan intanet masu sayar da "take da kayan aiki". Malamin da ya shekara goma yana duba firojet ya ga waɗannan taken har ya gaji, ya san babi na biyunsu da ka. Wasu kuma su ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu, irin su "Tasirin talauci ga matasan Najeriya". Waɗanne matasa? A wane gari? Daga yaushe zuwa yaushe? Da me za ka auna talaucin? Ma'aikata guda da motoci da kasafin kuɗi ma sai ta yi da gaske, balle ɗalibi mai wata shida da kuɗin mota ƙalilan.

Take mai kyau yana nuna su wa, a ina, yaushe, da abin da za a auna. Dubi wannan: yadda cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya shafi kuɗin dakon tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12. Ga mutanen, wato direbobi da fatake da dillalai. Ga wurin, ga lokacin, ga abin aunawa. Ɗalibi zai iya tafiya da ƙafarsa ya tambaya, ya dawo da amsa wadda ba ta cikin littafin kowa.

A nan nake so in tsaya, domin ina ganin 'ya'yanmu na Legas suna zaune a kan dukiya suna neman aro. Abner Cohen, masanin zamantakewar al'umma da ya zo daga waje, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda Hausawa ke tafiyar da cinikin goro da na shanu, kuma har yau masu bincike na kafa hujja da shi. Shi baƙo ne ya zo ya koyi abin da yaronmu ya tashi a ciki. Ɗan Agege ya san mayankar Oko-Oba, ya san wane ne dillali, wane ne mai gida, yadda ake bayar da shanu bashi a kan amana, yadda ake cire la'ada. Ɗan Ojo ya san abin da ya saba faruwa a Alaba Rago idan Layya ta matso. An hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas daga 1 ga Yunin 2022, aka ƙara huɗu a watan Satumba. Ina matasanmu da ke wannan sana'a suka nufa, wace sana'a suka koma? A farkon 2023 takardun naira sun yi ƙaranci, yaya fataken da ba su saba da tura kuɗi ta waya ba suka yi? A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. Me hakan ya yi wa farashi a Mile 12, me ya yi wa manomin da tumatirinsa ke ruɓewa a Arewa? Ga yaran da aka haifa a Idi-Araba waɗanda Yarbanci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa, ga makarantun Islamiyya na unguwanni, ga matan da ke zuwa awon ciki da waɗanda ba sa zuwa. Ɗaliba mace za ta shiga gidajen da namiji ba zai shiga ba, ta ji abin da ba za a faɗa wa baƙo ba. Mai karanta tattalin arziki, ko aikin jarida, ko harsuna, ko lafiyar al'umma, ko ilimi, ko aikin gona, kowa da rabonsa a nan.

Sai dai kusancin yana da nasa haɗari, kuma malamai za su taɓo shi. Za su ce: kai ɗan gida ne, ta yaya muka san ba abin da ranka ke so ka rubuta ba? Amsar ita ce ka ji ta bakin kowane ɓangare. Idan kana binciken hana acaɓa, ka ji daga masu babur, ka kuma karanta dalilan da gwamnatin jiha ta bayar na haɗurra da tsaro, ka kawo su yadda suke ko da ba su yi maka daɗi ba.

Tsarin babi biyar sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, hanyar bincike, sakamako, sai kammalawa da shawarwari. Masu injiniyanci da kimiyyar kwamfuta sukan ƙera wani abu su gwada shi, masu tarihi da adabi sukan raba babi yadda maudu'i ya kama. Abin da malami ke dubawa a babi na farko shi ne ko sassan sun riƙe juna. In ka ce manufofinka uku ne, to tambayoyin bincikenka uku ne, a babi na huɗu a ga amsar kowacce, a babi na biyar a ga shawarar da ta fito daga kowace amsa. Da yawa sukan cika shafi biyar da tarihin duniya a gabatarwa, su zo wajen bayyana matsalar binciken su rubuta layi uku marasa kai. Alhali wannan sakin layin ne zuciyar aikin: ga abin da ke faruwa, ga abin da aka sani a kai, ga abin da ba a sani ba tukuna, shi ne zan nemo.

Wa ya faɗa, a ina ka gani

Babi na biyu shi ne ya fi kowanne kauri kuma ya fi kowanne zama fanko a yawancin firojet. Za ka ga "wane ya ce, wane ya ce, wane ma ya ce" har shafi ashirin, babu muryar mai aikin ko sau ɗaya. Abin da ake so shi ne ka karanta, ka ware waɗanda ra'ayinsu ya zo ɗaya, ka nuna inda suka saɓa da wasu, ka faɗi dalilin saɓanin a ganinka, sannan ka nuna giɓin da aikinka zai cike. Muƙala goma sha biyar da ka karanta da idonka sun fi sittin da ka kwafo sunayensu daga bayan aikin wani. Wuraren nema suna nan: Google Scholar, rumbun mujallun Afirka na AJOL, ɗakin karatun makarantarka, reshen Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Yaba, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na Babban Banki. Malamai da yawa suna son mafi yawan madogararka su zama na shekara biyar zuwa goma da suka wuce, in ban da tsofaffin ayyukan da fagen ya ginu a kansu.

Wanda ya zauna a Islamiyya bai kamata batun ambaton madogara ya zame masa baƙo ba. Mun san ba a karɓar hadisi sai da isnadi: wa ya ruwaito, daga wa ya ji, shin amintacce ne. Abin da malamin jami'a ke nema ke nan in ya ce ka sa sunan marubuci da shekara a gaban kowace magana da ba taka ba. Salon rubutawa ne kawai ya bambanta. Sassan zamantakewa da ilimi da kasuwanci galibi APA suke bi, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019. Masu adabi da harshe sukan bi MLA, injiniyoyi kuma salon lambobi na IEEE. Ka tambayi sashenka wanne ne nasu, ka riƙe shi daga farko har ƙarshe. Duk sunan da ya fito a cikin rubutu dole a same shi a jerin madogara na baya, duk wanda ke baya kuma dole ya fito a ciki. Wannan ne abu mafi sauƙin dubawa, shi ya sa malamin da ya zo daga waje yakan fara da shi.

Makarantu da yawa yanzu suna saka aikin ɗalibi a manhaja irin Turnitin, wadda ke nuna kashi nawa cikin ɗari na rubutun ya yi kama da abin da ke wani wuri. Kowace makaranta da iyakar da ta yarda da ita. Sai ɗalibai suka mai da abin wasan ɓuya: a canza kalma nan, a juya jimla can, lambar ta sauko. Amma ɗaukar tunanin mutum ba tare da ambatonsa ba sata ce ko da ka sauya kowace kalma. Haka nan sayen firojet a shagunan buga takardu na bakin ƙofar makaranta, ko biyan wani ya rubuta maka. Ban da cewa laifi ne da kan kai ga soke aiki ko kora, mai sayarwar ya sayar wa wasu kafin kai. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 sai aka sami sabuwar matsala, domin irin waɗannan manhajoji suna iya ƙirƙiro sunan marubuci da na mujalla da shekara, su yi kyau a ido, alhali babu su a duniya. Malami zai zaɓi guda ɗaya, ya nema a wayarsa a gabanka, in bai samu ba to sauran aikin ma ya rasa amana. Kafin ka taɓa irin wannan manhaja, ko don gyaran Turanci ne, ka tambayi abin da sashenka ya halatta, kuma duk madogarar da ba ka buɗe ka karanta ba kada ta shiga aikinka.

Babi na uku ne inda ake gane wanda ya fita fili. Kusan kowane ɗalibin zamantakewa a ƙasar nan ya san lissafin Taro Yamane na 1967, wanda ke gaya maka mutum nawa za ka tambaya daga cikin jama'a. In jama'ar 1,000 ne, da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, zai ba ka 286. In 2,000 ne, 333. Kome yawan jama'ar kuwa ba zai haura 400 ba, shi ya sa za ka ga firojet bayan firojet duk mutum ɗari huɗu ko kusa da haka aka tambaya. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne lissafin ya ginu ne a kan cewa ka san adadin jama'ar da gaske, kuma kowa a cikinsu yana da dama daidai ta a zaɓe shi. To a kasuwar albasa wa ya ba ka adadin? In ƙungiyar 'yan kasuwa na da rajista, ka nema ka faɗi cewa daga nan ka samo. In babu, kada ka ƙirƙiro lamba. Ka rubuta gaskiya cewa waɗanda ka samu kuma suka yarda su ka tambaya, ko kuwa wani ne ya haɗa ka da wani, sannan ka amince cewa sakamakonka ba zai wakilci kowa da kowa ba. Malami mai hankali ya fi girmama hira mai zurfi da mutum ashirin da aka yi da gaske a kan takarda ɗari huɗu da ake shakka.

Sannan ga batun harshe, wanda ya shafe mu kai tsaye. Kwashoniya, wato takardar tambayoyi, wadda aka rubuta da Turanci, mai "na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba", ba za ta yi aiki a hannun dattijon da ajami yake karantawa ba. Ka fassara ta Hausa, ka ba wani ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ga ta asalin ba, ku gwada ku ga ko ma'anar ta kauce. Ka gwada ta a kan mutum kaɗan kafin ka fita sosai. Ka rubuta a babin cewa da baki ka karanta wa mutane kana cikewa, domin wannan ma hanyar bincike ce karɓaɓɓiya. Ka kuma san mutanenka. Tambayi Bahaushe ribar da yake samu a wata, zai ce maka "Alhamdu lillahi", ko ya zaci masu haraji ne suka turo ka. Gara ka tambayi kwando nawa ya sauke a makon jiya, nawa ya biya mota, nawa ya lalace. In ma'auninka kwando ne ko buhu, ka auna wasu a sikeli don ka iya faɗin kimanin kilo nawa ne, tunda malamin da ke Akoka bai san girman kwandon kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a Kano ba. Kada ka faɗa kasuwa kai tsaye da takarda a hannu. Ka karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenka, ka fara da shugaban kasuwa ko sarkin Hausawan yankin: "Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne, aikin makaranta ne ya kawo ni." In ya ce wa jama'a "ɗanmu ne, ku saurare shi", aikin wata ya zama na mako. Kuma ka zaɓi lokaci, ba a tsayar da mutum da tambaya ana tsakiyar sauke kaya da sassafe.

Neman izini wajibi ne. Ka gaya wa mutum abin da za ka yi da maganarsa, kada ka naɗi murya ko ka ɗauki hoto sai ya yarda, kada sunansa ya fito a aikin. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma duk binciken da ya shafi marasa lafiya ko bayanan asibiti sai kwamitin ɗa'a na asibitin ya amince kafin a fara. Wannan kan ɗauki makonni, don haka ɗaliban lafiya su nema da wuri.

A babi na huɗu jarrabawar ta gaskiya ce zalla. Kowa ya san ana zama a ɗakin kwana a cike kwashoniya ɗari da biro kala uku. Malamai ma sun sani, kuma alamun ba sa ɓoyuwa: an raba 400 an dawo da 400 cif, babu wanda ya tsallake tambaya, kowane hasashe ya tabbata yadda aka so. Fili ba ya bayar da irin wannan tsabta. In ka raba 150 aka dawo da 118, guda 9 ba su cika ba, rubuta haka. In ka yi zaton abu kaza ne sai alƙaluma suka nuna akasinsa, ba ka faɗi ba, ka gano wani abu ne, sai ka yi bayanin dalilin da kake gani. Ba laifi ba ne wani ya koya maka manhajojin lissafi irin SPSS ko Excel, amma duk jadawalin da ke cikin littafinka dole ka iya fassara shi da bakinka. In ka rubuta cewa lambar gwajin ƙididdiga da ake kira p ta gaza 0.05, za a tambaye ka me hakan ke nufi. Shawarwarin babi na biyar kuma su fito daga abin da ka samo. "Gwamnati ta samar da ayyukan yi" magana ce da ba ta buƙatar bincike. Wace hukuma, ta yi me, bisa wane sakamako naka?

Game da Turancin rubutun, gajerun jimloli masu ma'ana sun wadatar. Babu makin da ake bayarwa don manyan kalmomi. In ka kawo maganar wanda ka yi hira da shi, ka fassara da aminci, ka ajiye ta Hausar a rataye a bayan aiki. Girman harafi, tazarar layi, faɗin gefe da lambar shafi kuwa, bi takardar sashenka harafi da harafi.

Ba zan ɓoye ba, wani lokaci matsalar daga sama take. Malami ɗaya na iya riƙe ɗalibai da yawa ga koyarwa ga nasa binciken, babi ya kwana a teburinsa makonni. Abin da ke hannun ɗalibi shi ne ya fara da wuri, ya kai babi ɗaya-ɗaya, ya ajiye duk kwafin da aka yi wa gyara da jan biro, ya rubuta ranar kowace ganawa. Waɗannan takardun su ne shaidarka cewa aikin naka ne. Akwai kuma ƙalilan da ke neman kuɗi, ko su nemi abin da ya fi kuɗi muni daga ɗalibai mata. Wannan zalunci ne, ba ya cikin ƙa'idar kowace makaranta. Ɗalibar da ta gamu da haka ta ajiye saƙonni, ta gaya wa iyayenta, ta kai ƙara ga shugaban sashe ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma tana iya neman a sauya mata mai duba aiki. Iyaye su saurara, kada kunya ta sa a ce mata ta yi haƙuri.

Ranar kare aiki

Galibi minti goma zuwa goma sha biyar ake ba ɗalibi, gaban malaman sashe, wani lokaci har da malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cinye lokacin a kan gabatarwa da ma'anar kalmomi, a ce "lokaci ya yi" kafin a kai ga sakamako. Malaman sun san ma'anonin, abin da ba su sani ba shi ne abin da ka gano a Oko-Oba. Ka faɗi matsalar a minti ɗaya ko biyu, yadda ka yi binciken a minti biyu ko uku, ka ba sakamako mafi yawan lokacin. In ana amfani da PowerPoint, allo goma zuwa sha biyu sun isa, kowanne da layuka kaɗan da manyan haruffa, jadawali ɗaya a allo ɗaya. Kada ka juya wa malamai baya kana karanta bango. Ka gwada jawabin da agogo a gaban abokai ko ƙannenka, ka sa su yi maka tambayoyi masu zafi. Ka ajiye aikin a filas da imel da waya, ka buga kwafi a takarda saboda wuta. Kuma Legas ce: wanda zai taso daga Agege zuwa Ojo, ko ya bi gadar Third Mainland, ya fita tun da asuba ko ya kwana kusa da makaranta.

Akwai abin da tarbiyyarmu ta koya mana wanda ke iya cutar da mu a wannan ɗakin. Mun tashi a kan sunkuyar da kai da sassauta murya a gaban manya, kuma ba ma mayar wa babba magana. Malamin da bai san al'adarmu ba zai iya fassara hakan da rashin sanin aiki. Ka gaishe su da ladabi, sannan ka ɗaga kai, ka ɗaga murya yadda na ƙarshen ɗaki zai ji. In malami ya faɗi abin da ya saɓa wa abin da ka gani a fili, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Yallaɓai, na fahimci maganarka, amma ga abin da na samu a shafi kaza." Wani lokaci da gangan yake yi don ya ga ko za ka tsaya a kan aikinka. Karin harshenka na Hausa a Turanci kuwa kada ya dame ka, kowa a ɗakin da nasa karin, kuma ba shi ake ba maki ba.

Tambayoyin ba su cika fita daga 'yan wurare ba. Me ya sa ka zaɓi wannan take? Yaya ka zaɓi mutanen da ka tambaya? Wannan lambar daga ina? Me ka gano wanda ba a sani ba a da? Ina raunin aikinka? Wanda ya yi aikin da hannunsa yana da labarin kowace amsa, har da ranar da aka ƙi kula shi a kasuwa. In aka tambaye ka abin da ba ka bincika ba, ka ce bincikenka bai kai nan ba, kada ka yi kame-kame. An ruwaito Imamu Malik da kansa yana amsa tambayoyi da yawa da "ban sani ba". In aikin rukuni ne, kamar yadda ake yi a wasu kwalejojin fasaha, kowa ya san dukkan babin, domin sukan tsallake mai yawan magana su nuna wanda ya yi shiru.

Ka shiga da biro da takarda, ko ka sa aboki ya rubuta maka duk gyaran da aka faɗa, domin kusan babu wanda ke fita ba gyara. Bayan difens sai ka yi su ɗaya bayan ɗaya, ka kai wa sufabaiza ya tabbatar, sannan a ɗinke littafin da launin bangon da sashe ya ƙayyade, a sa hannu a shafin amincewa. Kada ka ɗinke kafin a amince, asarar kuɗi ce. Ka riƙe kwafin kwamfuta na ƙarshe da kyau, domin a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa sai ɗalibi ya saka firojet ɗinsa a rumbun adana ayyukan ilimi na ƙasa, wato NERD, kafin a tura sunansa bautar ƙasa. Ka tambayi sashenka yadda ake saka aikin da lokacin da ake rufewa tun kafin ranar difens.